Yadda Ake Biyan Harajin Gidan Da Ka Ba Da Haya Bayan Ka Koma Wani Gari

A ce an yi maka canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja. Gidan da ka gina a Hotoro, wanda ka daɗe kana tara bulo da kwano kafin ka tare a ciki, ba ka son ya zauna a rufe gara ta cinye ƙofofi, sai ka zuba 'yan haya a kan naira miliyan ɗaya da rabi a shekara. Kai kuma ka kama wani a Kubwa a kan miliyan biyu. Duk wanda ya tambaye ka ribar gidan Kano, za ka ce babu, ai ciko ma kake yi.

Ta fuskar aljihu gaskiya ka faɗa. Amma hukumar haraji ba ta haɗa hayar biyu ta debe wannan daga waccan. Abin da ka karɓa a Kano kuɗin shiga ne, ana ɗora shi a kan albashinka. Abin da ka biya a Kubwa kuwa hidimar kanka ce, ɗan sassauci kawai doka ta ba ka a kai. Wannan shi ne wurin da na ga mutane masu gaskiya suna faɗawa cikin bashin haraji ba da niyyar zamba ba, kuma shi ya sa nake son mu bi al'amarin daki-daki.

Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce sabuwar Dokar Haraji ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Yawancin alƙaluman da za su zo a ƙasa a kanta aka gina su.

Mataki na ɗaya: gane wace jiha ce ke bin ka

Kusan kowa yana ɗauka cewa tunda gidan a Kano yake, to Kano za a biya harajin hayarsa. Ba haka ba ne. Harajin kuɗin shiga mutum yake bi, ba gini ba. Jihar da kake zaune a cikinta ranar 1 ga Janairu na shekarar ita ke da haƙƙin karɓar harajin duk abin da ka samu, albashi ne, riba ce ko haya, ko da gidan yana can wani ɓangare na ƙasa. Mai gidan Hotoro da ya koma Kubwa, hukumar tara haraji ta Abuja, wato FCT-IRS, ita zai kai wa lissafinsa, ba KIRS ta Kano ba. Da Kaduna aka mayar da shi, da KADIRS ce.

A nan akwai wani abu da ke rikita ma'aikatan Abuja. Da yawa ofishinsu yana cikin birni amma kwanansu a Mararaba ko Masaka, waɗanda ke Jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla a Jihar Neja. Inda kake kwana ake dubawa, ba inda teburinka yake ba. Mai zama a Mararaba ɗan harajin Nasarawa ne.

To wanda yake da mazauni biyu fa? Misali ka bar iyali a wani sashe na gidan Kano, ka ba da ɗaya sashen haya, kana zuwa duk ƙarshen mako. Ga ma'aikaci, mazaunin da ya fi kusa da wurin aikinsa na yau da kullum shi ake ɗauka babban mazauninsa. Ga wanda ba shi da aiki ko sana'a, haya kawai yake ci, sai a duba inda ya fi zama.

Sojoji da 'yan sanda masu kaki, da jami'an diflomasiyya, da waɗanda ba mazauna Najeriya ba, su nasu harajin yana tafiya hukumar tarayya ce, wadda a da ake kira FIRS, yanzu ta koma NRS. Na ambaci wannan ne saboda babu wanda ake yawan ɗagawa daga gari zuwa gari irin masu kaki, kuma da yawansu sun bar gidaje a hannun 'yan haya.

Mataki na biyu: lambar haraji

Wannan ba ya cin lokaci. A sabon tsari lambar katin ɗan ƙasa, NIN, ita ce tushen lambar harajin mutum. Ka je ofishin hukumar jihar da ka koma, ko ka shiga shafinta na intanet, ka tabbatar an yi maka rajista da sabon adireshinka. In kai ma'aikaci ne, ka leƙa sashen albashi ka tambaya wace jiha suke tura harajin da suke cire maka duk wata. Ya sha faruwa mutum ya shekara uku da tashi ana ta tura kuɗinsa tsohuwar jiha, sai ranar da ya nemi takardar shaidar biyan haraji sabuwar jiha ta ce ba ta san shi ba.

Mataki na uku: rubuta yarjejeniya, ka kuma san wane ne ɗan hayarka

Mu mutane ne masu ba da haya da baki. Aminin yayanka ne, ko abokin aikin surukinka, sai a ji nauyin kawo takarda. Ka daure ka kawo. Yarjejeniyar ta ƙunshi sunanka da nasa, adireshin gidan, adadin kuɗin, daga wace rana zuwa wace rana, wa zai yi ƙananan gyare-gyare, wa zai biya kuɗin ƙaramar hukuma. Idan an biya ka shekara biyu a dunƙule, rasit ya nuna watan farawa da na ƙarewa, domin a iya tantance rabon kowace shekara.

Harajin kan sarki yana iya hawa kan takardar haya, kuma in ya hau, ɗan haya ne ke biyansa. Adadin da hukumar tarayya ta bayyana a 2020 ga hayar da ba ta kai shekara bakwai ba shi ne kashi 0.78 cikin ɗari. Ku tambayi ofis ko akwai abin da ya hau kan taku takardar a sabuwar doka. Kuɗin hayar gidan zama shi kansa babu harajin VAT a kansa, don haka kada wani eja ya ƙara wa ɗan hayarka kashi 7.5 a kan haya da sunan gwamnati. In dai ba ka mayar da gidan masaukin baƙi na kwana-kwana ba, wanda wannan sana'a ce daban da nata hukuncin.

Yanzu ga tambayar da ta fi muhimmanci: wa ya kama gidan?

Idan mutum ne ya kama don ya zauna da iyalinsa, zai ba ka kuɗinka cif, ba zai cire komai ba. Nauyin kai haraji gaba ɗaya yana wuyanka.

Idan kamfani ne, ko banki, ko ma'aikatar gwamnati, ko wata ƙungiya ta kama wa ma'aikatanta, doka ta ɗora musu cire kashi 10 cikin ɗari tun daga tushe su kai wa hukuma da sunanka. A hayar miliyan ɗaya da rabi za ka ga naira 1,350,000 ta shigo asusunka. Kada ka tayar da jijiyar wuya, ba cutar ka aka yi ba. Wannan naira 150,000 kafin alƙalami ce a kan harajinka na shekara, za a debe maka ita a ƙarshe. Amma fa sai da shaida. Don haka abu biyu za ka nema daga gare su tun ranar biya. Na farko, rasit ɗin cirewa mai ɗauke da sunanka da lambar harajinka da adadin da aka cire. Na biyu, ka gaya musu a rubuce wace jiha kake zaune. Akawun kamfanin da ke Kano hannunsa ya saba da tura komai KIRS, in ba ka yi magana ba can kuɗinka zai tafi, kai kuma Abuja ke bin ka. Dawo da kuɗin da ya shiga asusun wata jiha wahala ce da ba na yi wa kowa fatanta.

Wasu masu gidaje sukan ce wa kamfani su dai a ba su kuɗinsu cikakke, kamfani ya san yadda zai yi da gwamnati. In ka yi haka, ka sani kuɗin hayar gidanka na gaskiya ya tashi ke nan, domin abin da aka biya a madadinka shi ma cikin kuɗin shigarka yake.

Mataki na huɗu: tara shaidar duk abin da gidan ya ci

Ba a kan dukkan kuɗin haya ake yanka haraji ba, a kan abin da ya rage ne bayan an fitar da hidimar da aka yi don samun hayar. Sharaɗin doka shi ne kuɗin ya tafi kacokan a kan abin da ke kawo kuɗin shigar. Abin da ke shiga wannan sahu: la'adar ejan da ke kula da gidan, ladan lauyan da ya rubuta yarjejeniya in kai ka biya, gyaran rufin da ke yoyo, kwashe shadda, fenti tsakanin fitar wani ɗan haya da shigar wani, gyaran famfo da wayar wuta, inshorar gidan, da kuɗin ƙasa na shekara.

Abin da ba ya shiga shi ne ƙari. Ka ɗora bene, ka fitar da shaguna uku ta bakin titi, ka haƙa rijiyar burtsatse inda babu ita a da: wannan jari ka ƙara, ba gyara ka yi ba, ba za a debe shi a matsayin hidimar shekara ba. Bambancin a sauƙaƙe: gyara yana mayar da gida yadda yake, ƙari yana mayar da shi abin da bai taɓa zama ba. Duk da haka ka adana rasit ɗin ƙarin, zai yi maka rana lokacin sayarwa.

Matsalar mai gidan da ke nesa ita ce ba shi ke tsaye a kan aikin ba. Ƙaninka zai kira ya ce, "Yaya, kwanon ɗakin baya ya yaye, magini ya ce dubu tamanin." Ka tura masa, an yi aiki, magana ta wuce. Bayan wata goma babu abin da zai nuna kuɗin nan gyara ya tafi ba cefane ba. Dabarar da na ga tana aiki ita ce: ka tura kuɗin kai tsaye asusun mai aikin ko shagon kayan gini, ka rubuta dalili a gurbin bayani, a ɗauko maka hoton rasit da hoton wurin kafin gyara da bayansa. Maginin da ba shi da rasit ya rubuta a takarda ya sa hannu da lambar wayarsa. Sannan ka ware asusun banki guda na gidan kaɗai, haya ta shiga nan, gyara ya fita nan. Ranar lissafi takardar bayanin asusun ita ce rabin aikinka. Doka tana son a ajiye irin waɗannan takardu shekara shida.

Wani abu da ya shafe mu ƙwarai. Da yawa ba sa ganin ko kwabo na hayar. Sun ce a riƙa kai wa Hajiya ta yi hidima, ko a biya wa 'ya'yan marigayi yayansu kuɗin makaranta. Allah ya saka da alheri, amma a idon doka kuɗin naka ne, kai ka karɓa sannan ka yi kyauta da shi, don haka yana cikin lissafinka. Akasin haka, in ka bar ɗan'uwa ya zauna kyauta, babu haya babu kuɗin shiga, babu abin da za ka bayyana ta wannan fuska. Gidan gado da ba a raba ba kuma, kowane magaji rabonsa na hayar zai sa a nasa lissafin.

Masu bashin gida su lura da wannan. Doka ta yarda a debe kuɗin ruwan bashin da aka ci don gina gidan da mai shi ke zaune a ciki, irin bashin asusun gidaje na ƙasa da ake karɓa ta bankin ba da bashin gidaje na tarayya, FMBN, a kan kashi 6 cikin ɗari. Ranar da ka fita ka sa ɗan haya, gidan ya daina zama wanda mai shi ke ciki. Daga nan gurbin kuɗin ruwan ya koma cikin hidimar da ake fitarwa daga kuɗin haya. Kada ka nema a wuri biyu, kuma uwar bashin ba a debe ta ko ta ina.

Mataki na biyar: zauna ka yi lissafin

Ga matakan harajin mutum a shekara. Naira 800,000 ta farko babu haraji. Miliyan 2.2 da ke biye, kashi 15 cikin ɗari. Miliyan 9 da ke biye, kashi 18. Sai miliyan 13 a kan kashi 21, miliyan 25 a kan kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25.

Sabuwar doka ta soke tsohon rangwamen bai-ɗaya da ake yi wa kowa, ta kawo sassaucin haya: kashi 20 cikin ɗari na hayar da kake biya a shekara, amma kada ya wuce naira 500,000. Wato wanda ke biyan miliyan biyu da rabi ya kai ƙarshen abin da zai samu, ko miliyan goma yake biya ba za a ƙara masa ba. Kuma ba kuɗi ake ba ka a hannu ba, rage adadin da za a yanka wa haraji ake yi.

Mu koma kan mai gidan Hotoro. A ce bayan an cire fansho da kuɗin asusun gidaje albashinsa na shekara ya tsaya a naira 5,400,000. Hayarsa ta Kubwa miliyan biyu ce, sassaucinsa 400,000, saura miliyan biyar. Harajin albashinsa: babu komai a kan 800,000, sai 330,000 a kan miliyan 2.2, sai 360,000 a kan miliyan biyun da ta rage. Jimla 690,000, wadda wurin aikinsa ke cirewa kaɗan-kaɗan duk wata.

Yanzu a kawo gidan Kano. Ya karɓi 1,500,000. Eja ya ci 150,000, gyara ya ci 200,000, kuɗin ƙasa da sauran 'yan kuɗaɗe 50,000. Saura 1,100,000. Wannan ba ta da wata 800,000 ta kyauta tata daban, albashi ya riga ya cinye wannan gurbin. A saman miliyan biyar za ta hau, a matakin kashi 18. Ƙarin harajinsa ke nan naira 198,000.

In kamfani ne a gidan kuma yana riƙe da rasit ɗin cire 150,000, cikon 48,000 kawai zai yi. In mutum ne a ciki, zai biya 198,000 gaba ɗaya daga aljihunsa. In kuma bai ajiye shaidar gyara ko ɗaya ba, za a yanka a kan miliyan ɗaya da rabi cur, ya biya 270,000. Rashin tara 'yan takardu ya ci masa 72,000.

Dubi abin da ya faru da kyau. Mutumin da ke cikon rabin miliyan daga albashinsa don ya biya hayar Kubwa, shi ne kuma ake bi kusan dubu ɗari biyu a kan gidan Kano. A ganina wannan yana da nauyi a kan wanda aiki ya tilasta wa tashi, kuma da an ƙara masa sassauci da ya fi adalci. Amma dokar da ke ƙasa ke nan, da ita za a yi maka hukunci. Shawarata, ranar da haya ta shigo ka ware kashi 15 zuwa 18 cikin ɗari ka ajiye gefe kafin buƙatu su taso mata.

Ba kowa ne zai biya ba. Ɗauki matar da mijinta ya rasu, ta ba da gidanta haya ta koma Zariya kusa da 'ya'yanta, ba ta da wani kuɗin shiga. Abin da ya rage mata bayan gyara 1,100,000 ne. In tana biyan hayar naira miliyan ɗaya da rabi a can, sassaucinta 300,000, saura 800,000 daidai, babu ko sisi a kanta. In a gidan ɗanta take zaune ba ta biyan haya, kashi 15 na 300,000 za ta biya, wato 45,000.

Kada a haɗa wannan da zakka. Gidan haya shi kansa ba a fitar masa da zakka, kuɗin hayar ne in ya kai nisabi ya shekara a hannu ake fitar da ɗaya cikin arba'in. Biyan ɗaya ba ya sauke ɗaya.

Mataki na shida: kai bayani kafin 31 ga Maris

Abin da ka samu daga Janairu zuwa Disamba, kana bayyana shi ne kafin ƙarshen Maris na shekara mai biye. Ma'aikata da yawa suna cewa ai ofis na cire musu, sun gama. Ofis albashi kawai ya sani. Bayanin da wurin aikinka ke kaiwa a watan Janairu ba ya ɗauke maka naka. Ka cike fom ɗin shekara, ka sa albashi da abin da aka cire, ka sa haya da hidimarta, ka haɗa rasit ɗin hayar da kake biya don neman sassauci, ka biya ciko ta banki ko ta shafin hukumar, kada ka damƙa wa kowa tsabar kuɗi a hannu. Ko lissafinka ya nuna ba a bin ka komai, ka kai bayanin. Tarar rashin kaiwa naira 100,000 ce a watan farko, da 50,000 a kowane wata bayansa.

Mai tunanin wa zai sani, ya tuna da sassaucin hayar nan. Ɗan hayarka ma'aikaci ne, shi ma yana son a rage masa haraji, kuma ba za a rage masa ba sai ya faɗi nawa yake biya ya kawo shaida. Sunanka da adireshin gidanka suna kan rasit ɗin da zai miƙa.

Bayan ka biya ka nemi takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekaru uku na baya. Ana tambayarta wajen neman takardar mallakar fili da canja sunan mai gida.

Mataki na bakwai: kuɗaɗen da suka rage a kan gidan

Waɗannan su ne ba sa bin ka ko'ina, suna nan inda ginin yake. Akwai kuɗin ƙasa na shekara-shekara da ke kan duk mai takardar mallaka a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ana biyansa ga jihar da filin yake, ta ofisoshi irin KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna da AGIS a Abuja. Akwai kuma harajin gine-gine, wanda tsarin mulkin 1999 ya sa tantance shi cikin ayyukan ƙananan hukumomi.

Hatsarin ga wanda ba ya gari shi ne takardar neman biya gidan ake kai ta, ɗan haya ya karɓa ya jefa a kan firji. Shekaru su taru ba ka sani ba. Kada ka ɗauka wasa ne: a watan Maris na 2025 ministan Abuja Nyesom Wike ya soke takardun filaye 4,794 saboda masu su sun haura shekara goma ba su biya kuɗin ƙasa ba. Ka sa a cikin yarjejeniya cewa duk takardar hukuma da ta zo a turo maka hotonta a ranar, kuma duk farkon shekara ka bincika da kanka ko da ba a turo komai ba.

Mataki na takwas: idan ƙasar ka bari gaba ɗaya

Wanda ya tafi Saudiyya aikin asibiti, ko Ingila karatu ya zarce da aiki, ko Accra kasuwanci, hayar gidansa na Najeriya ba ta kuɓuta ba. Kuɗin da gini ya haifar a Najeriya, Najeriya na da haƙƙi a kansa ko ina mai shi yake.

Tambayar ita ce ko har yanzu doka na ɗaukar ka mazaunin Najeriya. Da yawa sun riƙe ƙa'idar kwana 183 kaɗai, wato in ba ka yi wata shida a gida cikin wata goma sha biyu ba ka fita. Sabuwar doka ta faɗaɗa abin. Tana duba ko kana da mazauni na dindindin da ke jiran ka a Najeriya, da ko dukiyarka da iyalinka na kusa suna nan. Abin da ya sa wannan ke da nauyi shi ne mazaunin Najeriya ana bin sa haraji a kan abin da ya samu ko'ina a duniya, wanda ba mazauni ba kuwa sai a kan abin da ya fito daga Najeriya. Don haka wanda ya ba da gidan duka haya ya tafi da iyalinsa, matsayinsa daban da na wanda ya kulle sashe ɗaya da kayansa ya bar mata da yara a ciki. In kana cikin rukuni na biyu kuma albashinka na waje mai kauri ne, kuɗin da za ka ba ƙwararren akanta ya duba maka ba asara ba ne.

Wanda ya tabbata ba mazauni ba, NRS ce hukumarsa. In kamfani ne a gidansa ya cire kashi 10, yawanci wannan ne ƙarshen abin da ake bin sa a kan hayar. In mutum ne a ciki, babu wanda ya cire komai, sai ya wakilta wani a rubuce ya riƙa kai bayani yana biya a madadinsa.

Sai kuma ƙasar da kake ciki. Saudiyya ba ta karɓar harajin albashi daga mutane. Ingila kuwa tana bin mazaunanta a kan kuɗin shigarsu na duniya, har da hayar gida a Kano, sai dai sababbin zuwa da suka cika sharaɗi suna iya neman rangwamen shekara huɗu na farko a tsarin da ya fara ranar 6 ga Afrilun 2025. Akwai yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu tsakanin Najeriya da Ingila, haka da Faransa, Kanada, Chaina da Afirka ta Kudu, wadda ke sa a debe maka abin da ka biya a gida. Amurka ba ta da irin wannan yarjejeniya da Najeriya, amma dokarta ta cikin gida tana ba da damar neman a debe harajin da aka biya a waje. A duka biyun rasit ɗin Najeriya za a tambaye ka. Wanda bai biya a gida ba ba shi da abin nunawa, sai ya biya cikakke a can, bashin gida kuma yana nan yana jiran sa.

Mataki na tara: kafin ka sa gidan a kasuwa

Bayan 'yan shekaru wasu sukan ga ba za su koma ba, su yanke shawarar sayarwa. A da ribar sayar da kadara kashi 10 ake cirewa. Yanzu ana haɗa ta da sauran kuɗin shigar mutum a yanka bisa matakan nan da ke kaiwa kashi 25. Doka ta yafe wa gidan da mai shi ke zaune a ciki, amma gidan da ya shekara biyar a hannun 'yan haya dole a tsaya a duba ko yafewar ta hau kansa. A nan ne za ka buɗe tsohon fayil: takardar sayen fili, rasit ɗin gini da na ƙarin da ka yi, takardar canjin wurin aiki, da yarjejeniyar haya ta farko mai nuna ranar da ka fita. Kuɗin saye da na gini ana debe su kafin a kira saura riba. Ka kai wa akanta waɗannan takardu ya fitar maka da adadin harajin tun kafin ku yi ciniki da dillali, domin ka san farashin da za ka iya sallamawa a kai.